Raddi ga Masu Cewa Ƙaramar Libarba Sai da Harsashin Magnum

A shagunan sayar da bindigogi na Amurka akwai wata shawara da ake yawan ba sabon shiga, musamman mata da dattawa. Mutum zai shigo ya ce yana neman abin kare kai da zai ɓoye a jikinsa. Mai shago ya buɗe akwatin gilashi, ya ɗauko wata 'yar libarba mai cin harsashi biyar, ya ɗora masa a tafin hannu. Nauyinta bai wuce na gwangwanin lemo ɗaya ba. Sai ya ce masa ga ta nan, babu nauyi, babu wahalar koyo, ba ta cijewa, kuma tana cin .357 Magnum, harsashin da ke kayar da ƙato da harbi guda.

Maganar ta ƙara nauyi tun watan Yunin 2022, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Bruen cewa ɗan ƙasa yana da 'yancin fita da bindiga don kare kansa. A yau fiye da rabin jihohin ƙasar 50 ba sa neman mutum ya karɓi lasisi kafin ya ɓoye bindiga a jiki. Saboda haka wannan shawara tana isa kunnen mutanen da ba su taɓa jan kunama ba, kuma ransu ne ke kan layin wuta idan ta zama kuskure. Hujjojin masu ita guda biyar ne, kuma kowace tana da amsa.

Hujjarsu ta farko ita ce ƙarfin harsashi shi ne komai, wanda aka ɗirka wa Magnum ba ya sake motsi.

Abin da ya faru a kan babbar hanyar Interstate 95 a Jihar Karolina ta Kudu ranar 20 ga Nuwamba, 1992, ya isa amsa. Wani ɗan sandan hanya mai suna Mark Coates ya tsayar da wani direba, Richard Blackburn. Kokawa ta kaure, Blackburn ya zaro wata 'yar mitsitsiyar libarba mai cin .22 ya harbe shi, rigar sulke ta tare. Coates ya mayar da wuta da libarbarsa ta .357 Magnum, ya same shi sau biyar. Blackburn bai mutu ba, bai ma daina faɗa ba. Yayin da Coates ke kiran agaji ta rediyo, sai Blackburn ya sake harbi guda, harsashin ya shiga ta hammata inda sulke bai rufe ba, ya kai ga zuciya. Coates ya rasu, Blackburn ya warke aka yi masa ɗaurin rai da rai. Kyamarar motar 'yan sandan ta ɗauki komai, kuma an daɗe ana nuna hoton a makarantun horar da 'yan sanda.

Hukumar FBI ta riga ta koyi wannan darasi da jinin jami'anta. Ranar 11 ga Afrilu, 1986, a Miami, jami'ai takwas suka yi arangama da 'yan fashin banki biyu, Michael Platt da William Matix. Tun farkon musayar wuta wani harsashi mai milimita 9 ya ratsa hannun Platt ya shiga ƙirjinsa, ya tsaya dab da zuciya. Raunin na mutuwa ne, amma ya ci gaba da harbi har ya kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan. Wanda ya kawo ƙarshen faɗan shi ne jami'i Edmundo Mireles, wanda aka ragargaza wa hannu ɗaya. Ya lallaɓa ya isa motar da 'yan fashin ke neman gudu da ita, ya juye musu harsashi shida daga libarbarsa. Bindigar tasa mai cin Magnum ce, amma abin da ke cikinta .38 Special ne. Bayan binciken da ya biyo baya, hukumar ta kafa mizanin da ake bi har yau: harsashi ya shiga zurfin inci 12 zuwa 18 a cikin curin jalatin mai kama da tsokar mutum. Abin da suka gane shi ne inda harsashi ya sauka da zurfin da ya kai su ne ke tsayar da maƙiyi. Sunan da aka rubuta a jikin kwalin harsashi ba ya cikin lissafi.

Hujjarsu ta biyu ita ce ƙarfin yana cikin harsashin, don haka gajartar bututu ba ta rage komai.

Tarihin harsashin ya ƙaryata wannan. An fito da .38 Special ne a ƙarshen ƙarni na 19, shi kuwa .357 Magnum sai a 1935, bayan aikin Elmer Keith da Phil Sharpe da Douglas Wesson. Kaurinsu ɗaya ne, bambancin yana ga tsawon kwanso da yawan albarushi. Ƙungiyar SAAMI, mai tsara ma'auni ga masana'antun harsasai na Amurka, ta sa iyakar matsin .38 Special a kan psi 17,000, mai ƙarin ƙarfi da ake wa alamar +P a kan 20,000, Magnum kuwa 35,000. Bindigar farko da Smith & Wesson ya ƙera wa Magnum babba ce, ta haura kilo ɗaya, kuma ana iya samun ta da bututu mai tsawon fiye da inci takwas. Don irin wannan jiki aka yi harsashin.

Albarushin Magnum yana bukatar fili kafin ya gama tura harsashi. A bututun da bai kai inci biyu ba, harsashin ya riga ya fita tun aikin bai ƙare ba, sauran ƙarfin ya tafi a wuta da ƙara. Gaskiya ne ko a gajeren bututu Magnum ya fi .38 gudu, kuma babu dalilin ɓoye wannan. Sai dai kuɗin da ake biya ya yi yawa: walƙiyar da ke dushe ido cikin duhu, da ƙarar da ke toshe kunne a ɗaki ko cikin mota, wuraren da aka fi tsare mutum. Shi ya sa da 'yan sandan birnin New York suka nemi harsashi don ƙananan libarbobinsu, kamfanin Speer ya yi musu .38 Special +P mai nauyin giram 8.7, wanda aka tsara musamman don ya buɗe a gajeren bututu.

Hujjarsu ta uku ita ce mafi rashin nauyi ita ce mafi kyau, tunda yini guda za a yi da ita a jiki.

A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin bindigar da ta dami mai ita da nauyi a aljihun tebur take ƙarewa. Amma ka'idar motsi ba ta da sassauci. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ne ke turo bindiga baya, kuma gwargwadon rashin nauyinta gwargwadon zafin shurinta. Samfurin 340PD na Smith & Wesson, mai jikin alminiyam gauraye da sikandiyam, bai wuce giram 330 da 'yan kai ba. Samfurin 642 mai cin .38 ya ɗan haura giram 400. Ruger SP101 ta ƙarfe zalla ta kai giram 700. Shi kansa kamfanin Ruger, da ya fito da LCR a 2009, ya yi mai cin .38 a kusan giram 380, amma da ya zo yin mai cin Magnum sai ya sa mata ƙarfe har ta kusa giram 490. Injiniyoyin sun san abin da suke gudu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin koyon harbi ya ga yadda abin ke kasancewa. Sabuwar ɗaliba ta ɗaga 'yar bindigar da aka sayar mata jiya, ta ja kunama. Bakin bindigar ya yi sama, ƙarfen ya daki tsakanin babban yatsa da manuni kamar an maka mata guduma. Ta runtse ido, ta yarfe hannu. A harbi na biyu, tun kafin wuta ta tashi ta riga ta danna bakin bindigar ƙasa don tsoron abin da ke zuwa, harsashin ya tone ƙasa a gaban allo. Kafin ta gama biyar ɗin tafin hannunta ya yi ja. Ta mayar da bindigar cikin jaka, sauran harsasan kwalin su shekara ba a taɓa su ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago: an guje wa nauyi, an samu makamin da mai shi ke tsoro.

Hujjarsu ta huɗu ita ce libarba ba ta bukatar koyo, a saita kawai a ja, kuma ranar tashin hankali ba a jin shuri.

Sauƙin sarrafa ta gaskiya ne, babu makunnin tsaro da za a manta, babu abin da za a ja baya kafin harbi. Sauƙin samun abin da aka saita kuma wani zance ne daban. Kunamar ƙaramar libarba tana da doguwar tafiya, tana kuma neman ƙarfin yatsa na kimanin kilo biyar. Bindigar da ba ta kai rabin kilo ba, ana matsa mata ƙarfin da ya ninka nauyinta sau goma, dole ta karkata idan hannu bai ƙware ba. Ga abin saitinta ƙanana, tazarar da ke tsakaninsu gajeriya, ɗan ƙaramin kuskure a hannu ya zama babba a wurin allo. Malaman harbi da dama suna lissafa ta cikin bindigogin ƙwararru.

Alƙaluma ma sun nuna yadda tsoro ke lalata saiti. Binciken da cibiyar RAND ta fitar a 2008 kan 'yan sandan New York ya gano cewa tsakanin 1998 da 2006, a musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari kawai na harsasansu suka samu wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne masu horo, da bindigogi manya masu sauƙin riƙo. Wanda harsashi biyar kaɗai gare shi, kuma bai yi atisaye ba saboda bindigarsa na cizon hannu, ina zai tsaya? Mai yiwuwa ne mutum bai ji zafin shuri ba a lokacin firgici, amma bakin bindigar zai tashi sama ko ya ji ko bai ji ba, kuma lokacin da zai ɓata kafin ya dawo da shi na maƙiyinsa ne. Harsashin da ya kuskure kuwa ba ya ɓacewa a iska. Zai sauka a wani wuri, wataƙila a jikin ɗan makwabci, kuma kotu mai bindigar za ta tambaya.

Hujjarsu ta biyar ita ce libarba ba ta taɓa cijewa.

Tana cijewa, kuma idan ta cije da wuya a gyara ta a tsaye. Abin mamaki, haɗin da suke yabo shi ya fi jawo matsalar. A bindiga marar nauyi mai cin harsashi mai ƙarfi, kowane shuri yana fizgar gangar harsasan baya, sauran harsasan da ke ciki suna zamewa kaɗan-kaɗan daga kwansonsu, har ɗaya ya leƙo ta gaba ya tokare gangar ta daina juyawa. A jikin bututun 340PD kamfanin ya zana gargaɗin kada a sa mata harsashi mai nauyin ƙasa da giram 7.8, domin zafin wutarsa na cin gangarta ta titaniyam. Sake cika ta ma aiki ne. A faɗan Miami an harbi jami'i Gordon McNeill a hannu, jini ya cika ramukan gangar, ya kasa sake loda ta.

Wannan raddi bai raina libarba ba. Tun da Colt ya fito da Detective Special a 1927, Smith & Wesson ya biyo da Chiefs Special a taron shugabannin 'yan sanda na 1950, ƙaramar libarba ta yi wa mutane aiki. Wadda aka rufe wa gudumar harbi, irin Centennial ta 1952, ba ta maƙalewa a tufafi. Idan harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama ya kawo na gaba. Kuma mai cin Magnum tana karɓar .38 Special, wanda ke ba mai ita damar rage ƙarfi. Ana jayayya ne da haɗa mafi ƙarfin harsashi da mafi rashin nauyin bindiga a miƙa wa mafi ƙarancin gwaninta.

Masu raina abin da bai kai .38 ba su ma su sake duba. Da libarba mai cin .22 John Hinckley ya raunata Shugaba Ronald Reagan da mutum uku a ranar 30 ga Maris, 1981, kuma kakakin Reagan, James Brady, bai sake tafiya daidai ba har ya rasu a 2014. Harsashin .32 H&R Magnum na 1984 yana da sauƙin shuri, kuma gangar da ke ɗaukar .38 biyar tana ɗaukar shida nasa. Ga dattijo mai ciwon gaɓoɓi, wannan ya fi masa .357 Magnum ɗin da ba zai iya riƙewa ba.

Mai karatu a Nijeriya ya sani cewa duk wannan zance na ƙasar da dokarta ta yarda ne. Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma riƙe su ba izini laifi ne mai kai mutum gidan yari.

Ga wanda ke zaune inda doka ta halatta masa, hukuncin a fili yake. Ya je filin harbi ya yi hayar bindigogi biyu ko uku kafin ya biya kuɗin ko ɗaya. Ya zaɓi wadda ke da ɗan nauyi da mariƙin da ya cika masa hannu, ya sa mata .38 Special da aka yi don gajeren bututu, ko .32 idan hannunsa ba shi da ƙarfi. Ya saya mata kube mai rufe kunama da akwati mai makulli saboda yara, ya nemi malami mai lasisi. Idan ba zai iya harba harsashi 50 a zama ɗaya ba tare da hannunsa ya yi tsami ba, kuma ya zuba biyar a jere cikin faɗin faranti daga taku bakwai ba, to wannan bindiga ba tasa ba ce, ko da me mai shago ya gaya masa.