Sunan gem ɗin ɗaya ne, amma abin da ke cikin kwalin ya bambanta

Yau magana ce ta aljihunka da kuma farin cikin ɗanka. A ce yaro ya yi ƙoƙari a jarrabawa, ka cika alkawari ka saya masa Nintendo Switch, ka haɗa masa da gem ɗin ƙwallo irin wanda yake bugawa a shagon gem na unguwa. Kwana biyu sai ka ga ya ajiye, yana cewa wannan ba irin na PlayStation ba ne. Kafin ka ce yaron nan ba ya da godiya, ka saurara, domin mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Wasannin da ke kan kowace na'ura iri biyu ne. Akwai waɗanda kamfanin da ya ƙera na'urar ya yi da kansa, kamar Super Mario Odyssey na Nintendo. Waɗannan tamkar riga ce da tela ya auna jikin mai ita kafin ya sa almakashi. Akwai kuma na wasu kamfanoni, waɗanda galibi an fara yin su ne don kwamfuta ko PlayStation ko Xbox, daga baya aka juyo su zuwa Switch. Wannan kamar a kawo wa tela babbar rigar uba ne a ce ya mayar da ita ta ɗan shekara goma. Dole a yanke wani wuri, kuma gwanintar telan ita ce sanin inda zai yanke ba tare da ya ɓata aikin ba.

Me ya sa sai an yanke? Switch ta fito a watan Maris na 2017, ɗauke da ƙwaƙwalwar Tegra X1 ta kamfanin Nvidia, wadda ta fito tun 2015, kuma dangin ƙwaƙwalwar na'urorin hannu ce. Ma'ajiyarta ta wucin gadi, wato inda gem ke baje kayansa yayin da ake buga shi, gigabait 4 ce. PlayStation 4 da ta girme ta da fiye da shekara uku tana da 8, PlayStation 5 kuma 16. Ba rowa ce ta sa Nintendo yin haka ba. Na'urar da za a riƙe a hannu, ta yi awanni a kan batir, ba ta kuma yi zafin da zai dami mai riƙe da ita ba, dole ta ci wuta kaɗan. Switch ba ta kai wat 20 ba ko an jona ta da talabijin, alhali PlayStation 4 ta farko tana wuce wat 100 idan ana wasa. A gidan da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Sai dai ƙarfin da aka rage don a samu wannan sauƙin, a jikin gem yake fitowa.

Abin da aka fi ragewa uku ne: tsabtar hoto, santsin motsi, da yawan abubuwan da ke cikin fage, irin su ciyawa, inuwa da cunkoson mutane. Santsin motsi ana auna shi ne da yawan hotunan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya. Gem ɗin Doom yana gudu da hoto 60 a PlayStation 4, amma da kamfanin Panic Button ya juyo shi zuwa Switch a ƙarshen 2017, sai aka mayar da shi 30, hoton kuma ya ɗan dusashe. Duk da haka an yaba, domin daɗin wasan bai tafi ba. Haka The Witcher 3 na kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Foland, wanda mutane da yawa suka ɗauka ba zai taɓa shiga Switch ba. Kamfanin Saber Interactive ya shigar da shi a 2019, da shi da ƙarin labaransa biyu, a kati ɗaya mai gigabait 32. An sadaukar da kyawun hoto, an bar labarin cif. Waɗannan teloli ne da suka san aikinsu.

Akwai kuma inda aka yi aikin shafa-mu-lera. A 2023 Mortal Kombat 1 ya fito a Switch a kan dala 70, kuɗi ɗaya da na PlayStation 5, amma fuskokin 'yan wasan suka zama abin dariya a intanet, ga jinkirin buɗewa. Na kawo waɗannan ukun ne a matsayin misali kawai. Dukkansu na manya ne, a Turai tambarin shekara 18 ke jikinsu, ba na yara ba ne.

Wanda ya fi shafar gidajenmu shi ne na ƙwallo. FIFA 18 ya zo Switch ba tare da injin Frostbite da ake amfani da shi a PlayStation 4 ba, kuma babu sashen labarin da ake kira The Journey. Daga FIFA 20 har zuwa FIFA 23, kamfanin EA yana rubuta Legacy Edition a jikin kwalin na Switch. Ma'anarsa ita ce an sabunta rigunan kulob da jerin 'yan wasa, amma yadda ake buga wasan yana nan kamar na shekarun baya. Wanda ya sayi huɗun a jere, kusan abu ɗaya ya saya sau huɗu. Sai a EA Sports FC 24, a 2023, aka kawo Frostbite kan Switch, shi ma da hoto 30 a daƙiƙa. To ka ga yaron da hannunsa ya saba da saurin PlayStation zai ji bambancin tun a bugun farko.

Sai maganar wurin ajiya, wadda ita ce ke cin kuɗi a ɓoye. Switch ta asali gigabait 32 ce a cikinta, kuma kati mai girma ya fi tsada a wajen kamfani. Shi ya sa wasu ke zuba rabin gem a ƙaramin kati, su bar maka sauran ka sauke daga intanet. Ka biya kuɗin kati, ka sayi memori, ka kuma sayi data. Wasu wasannin ma, kamar Control da Hitman 3, ba sa gudu a kan Switch ɗin kwata-kwata. An rubuta musu Cloud Version, wato wata kwamfuta ce a nesa take buga su tana turo maka hoton. Da zarar intanet ya yi rauni, wasa ya tsaya.

Switch 2 da ta fito a watan Yunin 2025 ta ƙara ƙarfi sosai, da ma'ajiyar wucin gadi gigabait 12 da wurin ajiya 256, har Cyberpunk 2077 ya fito tare da ita. Amma ta zo da nata tarkon. Wasu katunan, waɗanda aka rubuta wa Game-Key Card, babu gem a cikinsu, mabuɗi ne kawai na sauke shi daga intanet.

Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, juya kwalin ka karanta. Idan ka ga Legacy Edition, ko Cloud Version, ko sanarwar cewa sai an sauke ƙari, ka san abin da kake saya. Sannan ka zauna da yaron ku nemi bidiyon wasan a YouTube, amma wanda aka ɗauka a kan irin na'urarku, domin tallan kamfani yawanci daga babbar na'ura ake ɗaukar sa. Gani ya kori ji. Ka kuma tambaye shi abin da ya fi so. Idan burinsa ya buga ƙwallo da abokai kamar a shago, Switch ta farko za ta ba shi kunya. Idan kuwa Mario ne da abin da zai riƙe a mota ko lokacin da aka ɗauke wuta, da wuya ka samu wadda ta fi ta.

Idan ka taɓa sayen gem ka tarar ba shi ne wanda ka gani a talla ba, rubuto mana a ƙasa wane ne kuma a kan wace na'ura, ko wani uban zai tsira da kuɗinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.