Zazzaɓin Damina A Arewacin Kamaru: Ƙa'idar Magani Ta Tsaya A Takarda Ko Ta Isa Ƙauye?

Kamar yadda mai karatu ya sani, da zarar ruwa ya zauna daga watan Yuli zuwa Oktoba, asibitocin jihar Arewa da na jihar Arewa Mai Nisa kan cika da ƙananan yara masu zazzaɓin cizon sauro. Daga babban asibitin jiha da ke Garwa har ƙananan asibitocin Pitoa, Lagdo, Guider da Poli, labarin ɗaya ne. Abin da muke son dubawa a yau shi ne ƙa'idojin da aka shimfiɗa wa likitoci da malaman asibiti game da wannan cuta, da kuma dalilin da ya sa ba su kai ga hana mutuwar yara yadda ya kamata ba.

Ƙa'ida ta farko ita ce gwaji kafin magani. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin zazzaɓin sauro sai an auna jini, ko da da ɗan gwajin nan na yatsa ne wanda ke ba da sakamako cikin minti 15 zuwa 20. Dalili kuwa shi ne ba kowane zafin jiki ba ne na sauro. Yankinmu yana cikin ƙasashen da sanƙarau ke addaba da rani. Allurar rigakafin da aka fara yi a jihohin nan a 2011 ta karya lagon nau'in A, amma sauran nau'o'in suna nan, kamar nau'in C da ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017. Yaron da wuyansa ya sandare, aka ɗora shi kan maganin sauro ba tare da bincike ba, an ɓata masa kwanakin da ya fi buƙata. Ga shi kuwa reshen cibiyar bincike ta Pasteur yana nan Garwa, inda ake auna ruwan ƙashin baya a gano ainihin ƙwayar cutar.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi Arewa kai-tsaye. Daga 2016 ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata. Maganin na kwana uku ne: ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, uwa ta ba da na rana ta biyu da ta uku. Saboda maganin yana ɗauke da amodiaquine, ƙa'ida ta ce yaron da ya sha shi kuma ya kamu da zazzaɓi, kada a sake ba shi wani magani mai amodiaquine a ciki, sai dai artemether-lumefantrine, wanda jama'a suka fi sani da Coartem. To, mai shagon magani a kasuwa ya san da wannan? Uwar da ta ajiye ƙwayoyin kwana na biyu da na uku don wata rana, wa ya yi mata bayani da Fulatanci ko Hausa cewa ta rage ƙarfin rigakafin?

Ƙa'ida ta uku ita ce ta zazzaɓi mai tsanani, wato idan yaro ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko ya fita hayyacinsa. A nan allurar artesunate ce kan gaba. Wani babban bincike da aka yi kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, aka fitar a 2010, ya nuna ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari idan aka kwatanta da kinin. Ana yin ta sau uku cikin awa 24 na farko, gwargwadon nauyin yaro. Ke nan ƙaramin asibitin da ba shi da sikeli mai aiki, ko wanda allurar ta ƙare masa, ba zai iya bin ƙa'idar ba komai ƙwarewar malamin da ke ciki.

Ba za mu ce hukuma ba ta yi komai ba. Tun 2011 maganin zazzaɓi mara tsanani kyauta ne ga yara 'yan ƙasa da shekara 5, aka ƙara da mai tsanani a 2014. Ranar 22 ga Janairun 2024, Kamaru ta zama ƙasa ta farko da ta sanya allurar rigakafin zazzaɓin sauro cikin jerin alluran yara na yau da kullum, inda aka fara da gundumomin lafiya 42. Sai dai kyauta a takarda ba ta hana a rubuta wa uba magani ya je ya saya a waje ranar da ma'ajiyar asibiti ta bushe.

Wata matsalar kuma ita ce dogaro da kuɗin waje. Shirin Amurka na yaƙi da zazzaɓin sauro ya ɗauki kaso mai yawa na aikin waɗannan jihohi biyu, har da ma'aikatan lafiya na ƙauyuka. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na waje a farkon 2025 ta kuma rushe hukumar USAID, sai aka ga irin raunin da ke tattare da barin lafiyar yaranmu a hannun wani.

A ganinmu akwai abubuwa uku da ba su fi ƙarfin hukumomin lafiya na jiha ba. Na farko, kayan gwaji da Coartem da allurar artesunate su isa kowane ƙaramin asibiti tun watan Mayu, kafin hanyoyin Rey Bouba da Touboro su yi wuyar bi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, a taƙaita ƙa'idojin a shafi ɗaya a liƙa a ɗakin duba marasa lafiya, likitocin gunduma kuma su riƙa zagayawa suna duba rajista, su ga yara nawa aka auna kafin a ba su magani. Tsangayar koyon likitanci ta Jami'ar Garwa na iya tura ɗalibanta su taimaka a nan. Na uku, majalisun jihohi da ƙananan hukumomi su ware kuɗin alawus na ma'aikatan ƙauyuka daga kasafinsu.

Mu ma 'yan rediyo akwai namu aikin. Likita yana da ƙa'idarsa da Faransanci, uwa kuwa ba ta da tata sai wadda ta ji a akwatin rediyo. Wajibi ne mu riƙa maimaita mata da harshenta: a kai yaro asibiti cikin awa 24 da fara zazzaɓi, a nemi a auna jini, a kammala maganin kwana uku, a kwana cikin gidan sauro. Iyaye kuma su sani cewa tambayar malamin asibiti ko an auna yaro haƙƙinsu ne, ba rashin kunya ba.