Aljanu Sun Fi Mu Riƙon Amana

Tambayi ɗalibin sakandare a Ikara, Maƙarfi ko Kudan labarin Dutsen Kufena. Abin da za ka fara ji bai wuce aljanu ba: ana jin kiɗa da tsakar dare, wane ya hau bai dawo daidai ba. Tambaye shi wa ya zauna a gindin dutsen, wa ya kewaye shi da ganuwa, sai ya yi zuru. Alhali ƙasarsa ce, Zazzau, motar haya ɗaya ke raba shi da wurin.

Amma yaron nan ya san ginin Kajuru, ya ga hotunansa a Facebook. Wani Bajamushe ne ya gina shi da dutse a shekarun 1980, kwaikwayon fadojin Turai na da. Gini ne mai kyau, sai dai iyayenmu sun girme shi. Shi ake nuna wa baƙi, shi ake kira abin alfaharin jiha. Turunku kuwa, a ƙaramar hukumar Igabi, inda tarihin baka ya ce Bakwa ta zauna kafin a koma Zariya wajajen 1536, an bar wa ciyawa da tatsuniya.

Ga abin da zai ɓata wa wasu rai: tsoron aljanu ya fi mu amfani ga waɗannan kufai. Shekara da shekaru manomi ya ƙi kai garma kufai, magini ya ƙi ɗebe dutsensa, don gudun taɓa masu wurin. Da muka waye, muka ce camfi ne, sai muka kori tsoron ba mu kawo ilimi a gurbinsa ba. Je ka duba ganuwar Zariya, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, ka ga yadda aka yashe ƙasarta aka yi tubali, aka dasa gidaje a kanta. Ba aljani ya yi wannan ba.

Masu cewa kayan jahiliyya ne, a bar su su rushe, su tuna Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai ga laifin rubuta labarin Amina a Infaƙul Maisuri ba. Sanin wanda ya gina ganuwa ba bautar dutse ba ne. Masu cewa aikin gwamnati ne kuma, ai Kufena da ganuwar Zariya suna cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa tun tuni. Suna a takarda bai hana katafila aiki.

Mu marubuta ma da namu kason. Mun cika littattafai da 'yan matan aljanu a tsofaffin gidaje, amma wa ya zauna ya rubuta labarin maginin da ya ɗora ganuwa, ko maƙerin da ya narka tama a gindin dutse? Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen binciken kufai a Samaru, abin da suka tono yana kwance cikin Turanci, yana jiran mai juya shi.

A ci gaba da ba yara labarin aljanu da dare, yana da daɗi. Amma da safe shugaban makaranta ya sa su a mota, ya kai su Kufena, malami ya nuna musu ganuwa ya ce kakanninku ne suka yi. Kowane hakimi kuma ya sa a rubuta kufan da ke ƙasarsa, kafin mai tifa ya riga shi.