Ƙirƙirarriyar basira: Idan na'ura ta ce ba ka cancanta ba, wa za ka kai wa ƙara?

Togo na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka bai wa ƙirƙirarriyar basira aikin zaɓen waɗanda za a raba wa tallafi. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, gwamnati ta ƙaddamar da shirin Novissi, wanda ya riƙa tura kuɗi ta wayar salula. A Lome, sai mai katin zaɓe ne ke iya yin rajista. Da shirin ya isa karkara, masana daga Jami'ar Berkeley ta Amurka da ƙungiyar GiveDirectly sun yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan kiran waya wajen hasashen wanda ya fi talauci.

Binciken da mujallar Nature ta wallafa a 2022 ya nuna cewa wannan hanya ta rage kuskuren tsallake mabuƙata da kashi 4 zuwa 21 cikin ɗari, idan aka kwatanta da zaɓe bisa yanki. Ci gaba ne, sai dai har yanzu akwai waɗanda aka tsallake.

A nan ne batun ya shafi Zongon Lome, wadda aka tayar daga tsakiyar birni a 1977 aka mayar da ita Agoè. Unguwa ce ta 'yan kasuwa da baƙi daga Nijar da Najeriya da Ghana. Wani ba shi da katin zaɓen Togo, wani yana riƙe da layuka biyu ko uku saboda fatauci, wata kuma da wayar mijinta take kira. Na'urar da ke auna talauci da bayanan waya na iya yi wa irin waɗannan mutane gurguwar fahimta, ko ta kasa ganinsu ɗungurungum.

Akwai dokoki. Togo ta yi dokar kare bayanan jama'a a watan Oktoban 2019, wadda ta tanadi hukumar IPDCP. Tarayyar Afirka ta amince da manufarta kan ƙirƙirarriyar basira a Accra cikin Yulin 2024, dokar Tarayyar Turai kuwa ta fara aiki a Agustan shekarar. Amma tsarin Turai ya dogara da hukumomi masu kuɗi da ƙwararru, kuma kwafo shi kacokan ba zai kare mai sayar da goro a Agoè ba.

Abin da ya fi gaggawa a ƙasashe masu tasowa shi ne doka ta tilasta abu uku. A sanar da mutum cewa na'ura ce ta yanke hukunci a kansa. A faɗa masa dalili da harshen da yake ji, Hausa ko Ewe ko Kabiye, tun da ba kowa ke karanta Faransanci ba. Sannan a buɗe masa ƙofar ɗaukaka ƙara gaban jami'in da ke da ikon sauya hukuncin.

Yanzu da hukumar ANID ke rajistar jama'a da hoton yatsu da na ido, bayanan da za a ciyar da irin waɗannan na'urori sai ƙaruwa suke yi. Sarakunan Zongo da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da damar neman a saka waɗannan sharuɗɗa tun kafin a rubuta doka, don gyara bayan an sa hannu ya fi wuya.