Hoton hasumiyar teku ba ya cajin waya

A shagunan kayan waya daga Sakkwato zuwa Bodinga da Shagari, da kuma shafukan sayayya na intanet, an fara ganin fawa bank masu ɗauke da hotuna. Wanda ya fi ɗaukar ido shi ne na doguwar hasumiyar bakin teku, irin wadda ake kunna wa fitila a kai don ta nuna wa jiragen ruwa hanya da dare. Hoton yana da kyau, ba musu. Daga Shagari zuwa tekun Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, don haka yawancinmu a hoto kaɗai muka san wannan gini. Abin da ya dame ni shi ne matasa da dama suna biyan kuɗin hoton, suna mantawa da batirin da ke ciki.

Yadda harkar take ke nan: masana'antu, yawanci a China, suna ƙera fawa bank fari fat babu suna. Ɗan kasuwa ya saya da yawa, ya sa a buga masa hoton da yake so a jikin roba, ya ƙara kuɗi. Injin buga hoto bai san abin da ke ciki ba. Batir mai kyau da tsohon batir da aka kwaso daga kwamfutar da ta mutu duk hasumiya ɗaya za su iya sanyawa.

Saboda haka, mai karatu, ka juya bayan na'urar ka karanta ƙananan rubutun. Idan an rubuta 10,000mAh, ana nufin ƙarfin batirin a kan volt 3.7, wanda ya kama 37Wh. Amma waya tana karɓar wuta ta USB a kan volt 5, sai lissafin ya sauko zuwa 7,400mAh. Daga nan wani kaso ya tafi a zafi wajen juya wutar, abin da zai fito ya tsaya wajen 6,000 zuwa 6,500mAh. Wayoyin Tecno da Infinix da yawa batirinsu 5,000mAh ne, ke nan caji ɗaya ne da ɗan ƙari za ka samu, ko da na'urar ta gaske ce. Kamfanin da ke da gaskiya yakan rubuta wannan adadi na biyu a jikin kwali. Wanda ya ɓoye shi, ya kuma ɓoye Wh, a yi hattara da shi.

Gwaji na biyu ba ya buƙatar karatu, hannu kawai. Batirin litiyam mai siffar gora da ake kira 18650 nauyinsa kusan giram 45 ne, kuma mafi kyawunsa yana ɗaukar wajen 3,500mAh. Fawa bank na 10,000mAh yakan kai giram 200 ko kusa da haka, na 20,000mAh ya ninka. To idan aka miƙo maka siririn abu mara nauyi kamar biskit, an rubuta 50,000mAh a ƙarƙashin hasumiya, ƙarya ce tsagwaronta. Nauyi shi kaɗai ma ba shaida ba ne, don an sha buɗe na jabu a tarar an cika wasu gurabun batir da yashi.

Akwai kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, batirin litiyam kuwa ba a son a yi masa caji sama da digiri 45. Barin fawa bank a rana, ko a ƙarƙashin matashi yana caji, yana rage masa kwana. Wanda ya kumbura har hoton ya fara ɗagowa, a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta. Masu shirin aikin Hajji ko Umara su ma su lura: ƙa'idar jiragen sama ita ce fawa bank ya kasance a jakar hannu, kuma wanda ya wuce 100Wh, wato kusan 27,000mAh, sai da izinin kamfanin jirgi. Idan hoto ya rufe rubutun, ana iya karɓe shi a filin jirgi.

Wani zai ce ai kuɗinsa ne, kuma ado ba laifi ba ne. Haka ne, har ma hoto yana da amfani: a wurin mai caji, inda ake jera na'urori baƙaƙe iri ɗaya, shi zai sa ka gane naka. Amma a garin da wuta ke ɗaukewa, ɗalibin da ke cike fom ɗin JAMB ko mai POS da ciniki ya tsaya masa ba su da abin yi da hasumiya idan waya ta mutu.

Shawarata ita ce ka sayi fawa bank na kamfani mai suna da garanti, kamar Oraimo ko Anker, ka kankare lambar tantancewa idan akwai ka duba ta. Bayan haka, idan kana son hoto, masu buga sitika suna nan. Ka ɗauki Hubbaren Shehu, ko madatsar ruwan Shagari da yamma, ko hasumiyar Gobarau ta Katsina, ka sa a buga maka, ka manna a gaba, ka bar bayan a buɗe yadda kowa zai iya karanta lambobin.