Sharhi: Itacen Elda, Daga Bakin Shinge Zuwa Lambun Ado

Itacen elda, wanda masana tsirrai ke kira Sambucus nigra, matsakaicin itace ne da ke fitar da rassa da yawa tun daga gindi, asalinsa Turai da yammacin Asiya da arewacin Afirka, kuma yakan kai mita 6 idan aka ƙyale shi. Shekaru aru-aru mutanen Ingila sun ɗauke shi itacen shinge da kangaye, domin tsuntsaye ne ke cin 'ya'yansa su watsa irin a kashinsu, sai ya tsiro inda ba a shuka shi ba, har a bakin ramukan zomaye, waɗanda ba sa cin sa. Abin da aka fi sanin sa da shi shi ne farin fure mai ƙamshi da ke buɗewa a Mayu da Yuni, kowane curi da faɗin ƙaramin faifai, wanda ake jiƙawa a haɗa abin sha, sai baƙaƙen 'ya'ya da ke nuna a Agusta da Satumba.

Ko da yake an daɗe da samun nau'o'insa na ado, martabarsa ta ɗaga ne sosai bayan da cibiyar binciken itatuwa ta East Malling, a yankin Kent, ta yi barbarar iri, wato haɗa garin furen wani itace da na wani don a sami siffar da ake so, har ta fitar da nau'o'in Black Beauty da Black Lace a farkon shekarun 2000. Dukansu ganyensu shunayya ne mai duhu da ya kusa zama baƙi, furensu kuma ruwan hoda, sai dai ganyen na biyun a tsattsage yake siri-siri.

Kyan waɗannan itatuwa ya rataya ne a kan wurin dashe da kuma yadda ake datse su. Masu duhun ganye suna buƙatar rana sosai, domin a inuwa launinsu yakan koma kore-kore, alhali mai ganye ruwan ɗorawa, kamar Sutherland Gold na dangin Sambucus racemosa, rana mai ƙarfi takan ƙona shi. Ƙasa mai riƙe laima ta fi dacewa da su, kasancewar saiwoyinsu ba sa nitsawa can ƙasa, kuma ana samun sabon dashe cikin sauƙi ta hanyar yanko ƙosasshen reshe mai rai a lokacin hunturu a kafa shi a ƙasa.

Datsa ita ce inda mai lambu ke fuskantar zaɓi. Eldan Turai, wato Sambucus nigra, yana yin fure ne a kan rassan bara, saboda haka wanda ya sare shi kusa da ƙasa a ƙarshen hunturu zai sami sabon toho mai ƙarfi da manyan ganyaye masu cikakken launi, amma ya yi asarar yawancin furen wannan shekara da 'ya'yanta. Wanda ya bar shi sakaka kuwa zai sha fure, sai dai gindin zai yi ƙwalƙwal, rassan su yi zaƙo-zaƙo. Hanyar da ƙwararru suka fi bi ita ce cire kashi 1 cikin 3 na tsofaffin rassa kowace shekara.

Wajibi ne kuma a san cewa ganyensa da itacensa da ɗanyun 'ya'yansa suna ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanaid a cikin ciki, mai jawo tashin zuciya da amai, don haka ba a cin 'ya'yan sai sun nuna an kuma dafa su. Gidan da ke da ƙananan yara ya kamata ya yi la'akari da wannan tun kafin a haƙa ramin dashe.