Ƙibar Jariri Da Madarar Gwangwani

Zuwa ga Edita,

A filina na wannan mako ina so in yi magana da iyaye a kan madarar gwangwani da a ke ba jarirai.

Ran Lahadi na kai ziyara gidan wani abokin aikina, aka miƙo mini ɗansa ɗan wata huɗu, na karɓa sai da na gyara zama don nauyi. Mata na ta tubarkalla. Ashe uwar ta kan ba shi nono, sa'an nan ta bi shi da bulumboti, wai nata ba ya isarsa. Kakar kuwa ta kan ƙara cokali ɗaya bisa abin da aka rubuta a jikin gwangwanin, don madarar ta yi kauri.

Mu dai tun fil azal mun ɗauka kumatu su ne lafiya, gama rama muka sani tana kashe yara. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a shekarar 2022 yara miliyan 37 'yan ƙasa da shekara 5 nauyinsu ya wuce ƙa'ida. Yaron da ya tashi da ƙiba kuwa sau da yawa ya kan girma da ita, ga ciwon sukari da hawan jini suna jiransa gaba.

Ga dalili. Madarar gwangwani daga ta saniya a ke yin yawancinta, ita kuwa ta ninka nonon mace wajen sau uku a abin gina jiki, watau furotin, sai an rage shi. Likitoci sun gwada jarirai fiye da 1,000 a ƙasashen Turai biyar, har da Jamus da Italiya, waɗansu aka ba su madara mai furotin da yawa, waɗansu mai kaɗan. A 2014 suka ba da labari cewa da yaran suka kai shekara 6, ƙiba a cikin na farin ta fi ninki biyu. To, kakar da ke ƙara cokali, ina ta sa jikanta?

Akwai kuma wani abu. Jariri a nono, in ya ƙoshi ya kan saki da kansa. A kwalba kuwa uwa na kallon saura, ta tuna tsadar gwangwani, ta lallashe shi sai ya shanye. Kuma gwargwadon yadda ya ƙoshi da kwalba, haka ya ke rage tsotso, nonon ya riƙa janyewa.

Ban ce madarar haram ce ba. Akwai marayu, akwai uwar da likita ya hana. Wanda ya zame wa tilas, ya tafasa ruwa, ya fara zuba shi kafin garin, ya share bakin cokalin awo daidai, kada ya sa sukari ko koko, in yaro ya kau da kai ya ƙyale shi. Sauran kuwa, shawarar Hukumar ita ce nono zalla wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

Na roƙi abokina ya kai yaron awo asibiti kowane wata a duba katinsa, ya yarda. Kakar ce dai har na fito ba ta amsa sallamata ba.

Naku,
Wani Akawu.